Finafinan soyayyar namiji da namiji: wai don wa ake yin su?

Zee_Maikallo:
Assalamu alaikum 'yan gida. Akwai abin da ya daɗe yana yi min yawo a rai, na ce bari in sauke shi a nan tunda a zauren nan ne masu bin finafinan Asiya suka fi yawa. Waɗannan finafinai masu dogon zango na soyayyar namiji da namiji, waɗanda ake ce wa BL, musamman na Tailan: ka shiga wurin sharhi a YouTube, mata ne dam. Ka duba waɗanda suka rubuta littattafan da ake ɗauko labaran, yawanci mata. Ka kalli bidiyon taron ganawa da jarumai, ihun mata kawai kake ji. To ni a nawa ganin ba don mazan da ke irin wannan rayuwar ake yin su ba, haja ce aka ƙera musamman don mata. Na yi daidai ko akwai gyara? In kuma haka ne, me mace take nema a labarin soyayyar da babu ita a ciki? Don Allah ban da zagi, fahimta nake nema.

Baban_Khalifa:
Wa alaikumus salam. Ikon Allah. Yanzu har mun kai nan a gidan nan?

Gwaggo_Admin:
Baban Khalifa, tambaya ta yi, kuma a kan fim ce, gidan nan kuwa na fim ne. Wanda zai amsa ya amsa da ladabi, wanda ba zai iya ba ya wuce abinsa. Ina nan ina kallon kowa.

Malama_Adabi:
Zee, ƙanwata, rabin maganarki tarihi ma ya tabbatar da shi. Abin ba daga Tailan ya faro ba, daga Japan ne, kuma ba a talabijin ba, a littattafan zane da ake yi wa 'yan mata. A shekarun 1970 wasu mata masu zane, irin su Moto Hagio da Keiko Takemiya, suka fara rubuta labaran soyayya tsakanin samari, kuma a mujallun 'yan mata aka riƙa buga su. Wato tun ranar farko mace ce ta rubuta, mace ta saya. Daga can ya ratsa zuwa Sin da Taiwan da Koriya da Tailan ta hanyar littattafan zane, daga baya kuma littattafan intanet. Sai a 2014 Love Sick ya fito a talabijin ɗin Tailan, a 2016 SOTUS ya biyo baya, kamfanin GMMTV ya gane akwai kasuwa, shi ke nan ƙofa ta buɗe.

Amma dalilin da ya sa mata ke kallo, wannan ba amsa ɗaya ba ce. Abin da na fi yawan ji daga bakin masu kallon shi ne sun gaji da yadda ake nuna mace a fim ɗin soyayya na yau da kullum: talaka mai haƙuri, ana wulaƙanta ta tana kuka, ɗan mai kuɗi ya zo ya cece ta. In babu mace a tsakiyar labarin, mai kallo ba ta auna kanta da kowa. Ba ta tunanin ko ta fi ni kyau, ko ni ma haka za a yi min. Tana gefe tana kallo kawai.

Hafsy_Seoul:
Malama kin cire min ita daga baki. Ni dama finafinan Koriya nake bi, kuma abin da ke ƙona min rai shi ne a ɗauko yarinya mai ilimi da aikin yi, da zarar ta faɗa soyayya sai ta zama sakarya, ko takalmi ba ta iya ɗaurawa sai ya durƙusa ya ɗaura mata. Na kalli Semantic Error na 2022, kashi takwas ne kacal gajeru, ɗaliban jami'a biyu, ɗaya mai bin ƙa'ida kamar kwamfuta ɗaya kuma ɗan sharholiya. Abin da ya riƙe ni shi ne babu wanda aka maida abin tausayi. Faɗa suke yi kafaɗa da kafaɗa.

Sadiq_Edita:
Kafaɗa da kafaɗa? Hafsy, anya kin kalli da yawa kuwa? Ni saboda aikina na haɗa bidiyo nake leƙa finafinan ƙasashe daban-daban, kuma abin da na lura da shi a na Tailan akasin haka ne. Ɗaya dogo ne mai murtuke fuska, ɗayan gajere, fari, mai shagwaɓa, mai saurin kuka. Wato mace ɗin da kuka ce an cire, ba a cire ta ba, wando aka saka mata. Duk abin da kike ƙorafi a kai a na Koriya yana nan: a finciko hannu, a manna mutum da bango, kishi har da duka. Ainihin matan da ke cikin labarin kuwa, ko dai tsohuwar budurwa ce muguwa ko ƙawa mai leƙe tana ihu a bayan bishiya. Ban ga ta inda mace ta ci riba ba.

Hafsy_Seoul:
Ai ban ce duka ba. Wanda na gani na faɗa.

Almajirin_Malam:
Ni zan yi magana sau ɗaya, kuma ba da niyyar ɓata wa kowa ba. Kuna ta nazarin wa ke kallo da me ya sa, amma kun tsallake tambayar farko: ya dace a kalla? A addinina wannan alaƙa haramun ce, babu wani kwana-kwana a ciki, kuma na san abokaina Kiristoci da yawa haka suka ɗauka a nasu. Abin da ka yarda haramun ne, ka zauna awa goma sha uku ana ƙawata maka shi da kiɗa mai sanyi da kyawawan fuskoki har ka riƙa addu'ar su daidaita, to zuciya ba dutse ba ce. Yau da gobe ba ta bar komai ba.

Kb_Action:
Malam, da girmamawa, na kalli finafinan 'yan daba da na masu safarar ƙwaya ba adadi, ban taɓa ɗaukar wuƙa ba. Kallo daban, aikatawa daban.

Almajirin_Malam:
Na ce sau ɗaya amma ka ja ni. Ɗan'uwa, a fim ɗin 'yan daba yawanci ƙarshen ɗan daba kabari ne ko kurkuku, labarin da kansa yana gaya maka hanyar ba ta ɓullewa. A nan kuwa labarin an gina shi ne don ka so abin. Ni ba cewa na yi mai kallo zai koma haka ba. Cewa na yi abin da yake ƙyama jiya zai daina ƙyamarsa gobe, kuma masu yin finafinan ma ba sa ɓoye cewa wasunsu haka suke so.

Mai_Shiru:
Wannan na ƙarshen gaskiya ne, kuma masu goyon bayan finafinan su ma shi suke faɗa, sai dai su a matsayin yabo. Wato ku biyun kun yarda fim yana canza zuciya, kun rabu ne a kan ko canjin alheri ne.

Anti_Larai:
Ni uwa ce, kuma damuwata ba falsafa ba ce. Ban taɓa neman irin fim ɗin nan ba, shi ya neme ni. Lokacin kullen korona a 2020, 'yata tana kallon wani a YouTube, na leƙa na ga samari da fararen riguna a jami'a, ɗaya na kaɗa jita, ana wasan ƙwallo, ana raha. Na ce wannan ai na makaranta ne, har na zauna muna dariya tare. Sai da aka yi nisa na fahimci inda aka dosa. 2gether sunansa. Babu wata alama a hoton gaba da za ta gaya wa wanda bai sani ba. Kuma da zarar ka kalli ɗaya, gobe shafinka ya cika da 'yan'uwansa. Ni abin da nake so a rubuta ɓaro-ɓaro, mai so ya shiga da saninsa, wanda ba ya so ya kauce.

Sadiq_Edita:
Anti, 2gether ɗin nan shi ne ya fitar da abin daga Tailan zuwa duniya. Kashi goma sha uku, kyauta a YouTube, da fassarar Turanci a ƙasa, ga duniya a kulle a gida. Jaruman fim ɗin, Bright da Win, kafin nan ba kowa ya san su a waje ba, cikin 'yan watanni suka zama manyan taurari daga Filifins har Brazil. Kuma dabarar kasuwanci ce: a ba ka fim kyauta, a ci kuɗin a wani wuri.

Zee_Maikallo:
A wane wuri ke nan Yaya Sadiq? Don wannan ya taɓo tambayata.

Sadiq_Edita:
Yauwa. Fim ɗin shi ne talla, jaruman su ne hajar. Kamfani zai haɗa samari biyu, a manne sunayensu wuri ɗaya, BrightWin, OffGun, KristSingto, a riƙa saka su tare a fim bayan fim. Daga nan sai taron ganawa da masoya a Bankok da Manila da Tokyo da Jakarta, tikiti kala-kala, mai tsada har da ɗaukar hoto da su. Sai littafin hotuna, riguna, 'yar tsana, kalanda. Sai tallan man shafawa da lemon kwalba, wanda ma a cikin fim ɗin za ki ga an tsayar da labari cak, jarumi ya ɗaga kwalba yana juya tambarinta wajen kyamara kafin ya kurɓa. Ni a matsayina na mai yanka bidiyo abin har dariya yake ba ni, don ana tsakiyar kuka za a kawo shi. Sannan a kan dandamali dole su ci gaba da wasan: kallon ƙasa-ƙasa, gyara wa juna gashi, raɗa a kunne, masu kallo na sumewa. Duk cikin aikin ne. To wa ke sayen tikitin da 'yar tsanar? Amsarki ke nan.

Mamie_K:
Kuma a nan abin yake lalacewa. Wasu masoyan sun kasa raba fim da rayuwa. A ga jarumi da budurwa a kanti, sai a bi yarinyar da zagi har ta rufe shafinta, wai ta shiga tsakani. Mutum ba shi da ikon yin aure saboda 'yan mata a wata ƙasa sun riga sun aurar da shi ga abokin aikinsa a cikin kansu.

Mai_Shiru:
Ba a Asiya kaɗai ba. Kit Connor, jarumin Heartstopper na Birtaniya, a Oktoban 2022 mutane suka dame shi a Twitter cewa yana cin kuɗin rawar da ba tasa ba, har ya fito ya bayyana yanayinsa ba da son ransa ba, yana ɗan shekara goma sha takwas. Waɗanda suka matsa masa kuma su ne masu cewa suna kare irinsa.

Baban_Khalifa:
To kun gani. Abin da aka gina a kan ɓarna ai ɓarna zai haifa.

Mamie_K:
Baba, wannan haukan masoya ne, ba na nau'in fim ba. Mawaƙan Koriya ma in aka ji suna soyayya sai sun fito sun ba da haƙuri, kuma su namiji da mace ne.

Dogo_2002:
[An goge wannan saƙo]

Gwaggo_Admin:
Dogo, na goge. Ka ce ba ka yarda ba, wannan haƙƙinka ne, Almajirin Malam ya faɗi nasa a sama ban taɓa shi ba. Amma kiran a kashe mutane ko zagin iyayen wani ba a gidan nan ba. In ka sake, waje.

Malama_Adabi:
Bari in dawo da mu kan tambayar Zee, don akwai ɗaya rabin da ban ƙarasa ba. Ƙorafin cewa finafinan ba sa wakiltar mazan da ake magana a kansu, su mazan ne suka fara yin sa. Tun farkon shekarun 1990 aka yi wannan muhawara a Japan, inda wani ɗan gwagwarmayarsu ya rubuta cewa marubutan nan sun maida su kayan kallo. Har yau ana maimaita wa na Tailan irin wannan: jarumi ya ce shi ba ya son maza, wannan ɗaya ne kawai, kowa kyakkyawa, kowa ɗan masu kuɗi, kowa a sashen injiniya, sannan mafi muni, a nuna tilastawa a kira ta soyayya. TharnType na 2019 ya sha suka sosai a kan wannan, daga masu kallon BL ɗin kansu.

Sai dai abin ya motsa daga inda yake. Not Me na 2021, Anucha Boonyawatana ce ta ba da umarni, kuma labarin ya fi karkata ga zanga-zanga da rashin adalci da attajiran da suka fi ƙarfin doka, soyayyar tana gefe. I Told Sunset About You na 2020, a tsibirin Phuket na Tailan aka ɗauka, kuma abin da ya cika shi ruɗani ne da tsoron iyaye da kishin karatu, ba shagwaɓa ba. Don haka in kin ce don mata aka fara, na yarda. In kin ce har yanzu don su kaɗai ake yi, a nan zan ja da ke.

Sadiq_Edita:
Na Phuket ɗin nan, ko me mutum zai ce game da labarin, aikin kyamara ya kai. Akwai wurin da aka bar kyamara a fuskar yaro ɗaya yana ƙoƙarin haɗiye kuka a gaban mahaifiyarsa, ba kiɗa, ba magana. Kashi biyar ne kawai amma kowanne ya haura awa. Wannan ba irin na kwalbar lemo ba ne.

Uncle_Bash:
Ni dattijo ne a cikinku, ba na bin na yaran jami'a. Wanda na taɓa zama na kalla na Japan ne, What Did You Eat Yesterday, na 2019. Lauya ne da mai gyaran gashi, duka sun haura arba'in, a Tokyo. Babu rungume-rungume, kusan rabin kowane kashi lauyan yana kicin yana lissafin kuɗin cefane. Abin da ya tsaya min shi ne iyayen lauyan. Uwar tana ta ƙoƙarin nuna ta karɓi ɗanta, amma kana ganin ƙoƙarin yana cin ta a rai, shi ma yana gani. Ban canza abin da na yi imani da shi ba, har gobe. Amma na fito ina tausayin uwar nan da ɗan nata duka. Ban san a wane layi za ku ajiye ni ba.

Almajirin_Malam:
Kawu, tausayi ba laifi ba ne, addini ma bai hana ba. Amma ka ga abin da nake faɗa ɗazu.

Uncle_Bash:
Na gani, ɗana. Ni ma na ga abin da nake faɗa.

Ummi_Wuxia:
Ku tsaya, ni fa yanzu kaina ya kulle. The Untamed na Sin yana cikin wannan lissafin? Don na kalle shi kashi hamsin cif, ni da yayana, mun ɗauka aminai ne.

Hafsy_Seoul:
Hahaha Ummi, sannu da zuwa.

Malama_Adabi:
Ummi, littafin da aka ɗauko shi, na Mo Xiang Tong Xiu, soyayya ce a fili. Amma hukumar tace finafinai ta Sin ba ta barin a nuna haka. A 2016 an sauke wani fim ɗin BL mai suna Addicted daga intanet ana saura kaɗan a kammala shi, don haka masu shirya finafinai suka koyi darasi: a ɗauki labarin, a cire duk abin da za a kama, a bar kallo da waƙa da sadaukarwa, a kira su aminan da suka san zuciyar juna. Haka manhajar Tencent ta fitar da The Untamed a 2019, manhajar Youku ta fitar da Word of Honor a 2021. Wanda ya karanta littafi ya san abin da yake gani, wanda bai karanta ba ya ga abota. Daga ƙarshen 2021 hukumomi suka toshe wannan hanyar ma, finafinai da dama da aka riga aka ɗauka suna ajiye ba su fito ba.

Ummi_Wuxia:
To ni dai abota na gani kuma a kan abota zan tsaya. Wanda ya jira abokinsa shekara goma sha shida ai amini ne. Kar ku ɓata min fim.

Kb_Action:
Ni wannan ne ma ke ba ni haushi da masoyan BL. Yanzu ba dama maza biyu su yi abota a fim, ko su rungumi juna bayan yaƙi, sai a yanko wurin a saka waƙar soyayya a watsa a TikTok. Har 'yan ƙwallo ba su tsira ba. Sun sa abota ta zama abin zargi.

Mamie_K:
A nan kam na ba ka gaskiya Kb.

Anti_Larai:
To wannan na Sin ɗin, Malama, a wurina ya fi wanda ya fito fili wuyar sha'ani. Wancan aƙalla in ka gane ka kashe. Wannan yaro zai gama ya je neman littafin.

Mai_Shiru:
Anti, shi ya sa hanawa ba ta cika yin aiki yadda ake so ba. Sin ta hana, abin ya koma ƙarƙashin ƙasa ya ƙara farin jini. Ƙasashen Larabawa na yankin Gulf a Satumban 2022 sun nemi Netflix ta cire abubuwan da suka ce sun saɓa wa Musulunci, amma wanda ke da waya da data ya san hanya. Abin da ya rage a hannun iyaye shi ne su san me ake kallo, su yi magana da yaransu. Ki duba alamar shekaru, ki buɗe wa yara nasu asusun daban, ki kashe abin nan da ke kunna bidiyo na gaba da kansa. KinnPorsche misali, na 2022, ko babba sai ya yi shiri, ga bindiga ga tsiraici, bai kamata ya zo kusa da yaro ba ko da namiji da mace ne a ciki.

Zan ƙara abu ɗaya. Zaure irin wannan mutane da yawa ke karantawa ba sa magana, ba mu san wa ke ciki ba, ba mu san me wani ke fama da shi a ransa ba. Ko wa'azi mutum zai yi, ya yi shi yadda mai saurare zai iya tsayawa ya ji.

Baban_Khalifa:
Ban zagi kowa ba ni dai. Amma ina da tambaya. Ba wannan finafinan ne suka kai Tailan ga halatta auren jinsi ba? Ana wasa ana wasa ga shi ya zama doka.

Malama_Adabi:
Dokar ta fara aiki ranar 23 ga Janairun 2025, kuma Tailan ce ta farko a kudu maso gabashin Asiya. Amma a ce fim ne ya kawo ta, an yi wa fim kyauta da yawa. 'Yan gwagwarmaya sun fi shekara goma suna turawa, jam'iyyu sun saka a alƙawuran zaɓen 2023, ga lissafin masu yawon buɗe ido. Ka duba Japan: ita ta ƙirƙiro BL shekara hamsin da suka wuce, har yau gwamnatin ƙasar ba ta amince da irin auren ba. Koriya ta Kudu ma haka, a 2024 da za a saki Love in the Big City sai da wasu ƙungiyoyi suka tashi neman a dakatar da shi. Taiwan kuwa ta halatta tun 2019, bayan hukuncin kotun tsarin mulki na 2017, lokacin finafinanta na BL ba su fi a ƙirga ba. Mutum na iya sayen tikitin ganin jarumi ya dawo gida ya ƙi yarda ɗansa ya zama haka. Da yawa ma haka suke.

Baban_Khalifa:
Ko ba shi kaɗai ba, ya taimaka. Ruwa ba ya tsami banza.

Malama_Adabi:
Ya taimaka, ban musa ba.

Zee_Maikallo:
Maganar Malama ta mai sayen tikiti ita ce ainihin abin da nake nufi tun farko. In mace za ta yi kuka saboda jarumai biyu sun rabu a fim, amma a zahiri ba ruwanta da masu irin rayuwar ko ma tana ƙinsu, to ba su take kallo ba, wani abu take kallo da ta saka musu a jiki.

Hafsy_Seoul:
To ai duk fim ɗin soyayya haka yake Zee. Wa ya taɓa haɗuwa da shugaban kamfani ɗan shekara ashirin da takwas mai jiran yarinya a cikin ruwan sama? Mafarki ake sayarwa. Kuma in don mata kaɗai ne, me za ki ce da GAP na 2022, na mata biyu, Freen da Becky? Shi ma mata ne suka fi cika zauren. A can ai akwai mace a labarin, har biyu.

Sadiq_Edita:
Wannan ya rushe bayanin "babu mace shi ya sa" ke nan.

Malama_Adabi:
Bai rushe ba, masu kallon ba lallai su zama mutane ɗaya ba. Amma na yarda ya nuna dalilin ya fi ɗaya.

Nas_Manila:
Na zo a makare. Ba wanda ya ambaci Gameboys na Filifins, 2020, wanda aka shirya a tsakiyar kulle, kusan dukansa ta kiran bidiyo. Mahaifin ɗaya daga cikin yaran korona ta kashe shi a labarin, kuma lokacin mutane na binne nasu da gaske. Na ga maza da yawa a sharhinsa suna cewa wurin rasuwar uban ne ya karya su. Don haka Zee, ni namiji ne, kuma na kalla har ƙarshe. Ki saka ni a lissafinki.

Kb_Action:
Nas kai ma? To fa.

Nas_Manila:
Kai da ka ce kallo daban aikatawa daban, yanzu kuma ka dawo kana "to fa"?

Anti_Larai:
Gwaggo, ni roƙona ɗaya. Tunda ga shi ra'ayi ya rabu, duk wanda zai kawo shawarar fim a gidan nan ya rubuta a sama ko BL ne, har da irin na Sin ɗin nan da ake lulluɓewa.

Gwaggo_Admin:
Wannan mai sauƙi ne, daga yau a riƙa rubutawa. Hotuna da gutsuren bidiyo na irin wuraren nan kuma ba a saka su a nan, ko na waye da waye.

Ummi_Wuxia:
To The Untamed me za a rubuta masa? Don ni ban yarda ba har yanzu.

Gwaggo_Admin:
Ke da Malama ku je ku sasanta, ku kawo min amsa.